Tsohuwar fistol ta sojan Amurka: in saya in sake mata launi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Texas, na ga wata tsohuwar fistol samfurin 1911 a shagon bindigogi, an rubuta Remington Rand a jikinta, launinta duk ya koɗe ga ɗan tsatsa wajen mariƙi. So nake in saya in kai a goge ta a sake mata launi ta dawo sabuwa fil. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Saye dai ba laifi in takardunka sun cika, amma maganar gogewar nan don Allah ka dakata. Remington Rand fa kamfanin keken rubutu ne da aka sa shi ƙera bindiga lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma sun ma fi kamfanin bindigogi na Colt ƙera ta da yawa, sojan Amurka sun riƙe irinta tun 1911 har 1985 da fistol ƙirar Beretta ta maye gurbinta. Wannan launin toka-toka da kake cewa ya koɗe shi ne masu tara tsofaffin bindigogi ke biyan kuɗi a kai, ranar da injin guga ya hau ta ya shafe gefuna ya cinye rubutun jikinta to kuɗinta ya faɗi kenan, kuma ba mai dawo da shi.

Kafin ka biya, ka sani sunan Remington Rand a saman nan mai ja da baya kaɗai yake, gangar jikin ta lambarta ake gane wanda ya ƙera, kuma da yawansu soja sun sha kwance su suna haɗa kan wannan da jikin waccan. Ka duba lambar ta dace da kamfanin, ka nemi rubutun United States Property da ɗan tambarin FJA (haruffan sunan jami'in sojan da ya duba ta) a jiki. Ka haska tocila cikin bututun, in ka ga ramuka-ramuka kamar zanzana to tsatsa ta ci ciki, sai farashi ya sauka sosai. Duk wadda aka kankare wa lamba kar ka taɓa ta ko kyauta ce, babban laifi ne a dokar tarayya. A shago kuma sai ka kai shekara 21, ka cike fom 4473 na sayen bindiga, a bincika tarihinka.

Tsatsar wajen mariƙi kuwa mai da tsumma sun ishe ta, in ta ƙi sai soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 da mai, a hankali. Kafin ka harba ko ɗaya ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ya canza sifirin. In dama wani ya riga ya goge ta a baya, to nan kam sake mata launi ba asara ba ce, sai dai a mai da mata irin na soja da ake cewa Parkerizing.

Tambaya: Malam daga Kaduna nake, in yayana ya saya a can zai iya aiko min?

Amsa: A'a ƙanina, kar ma ku fara. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, tsufanta ba zai cece ka ba, shi ma yayan naka fitar da ita ba izini zai jefa shi kurkuku a can.