Tonypandy 1910: Wa ya fasa wa mahaƙa kwal kai?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala digiri kan yajin aikin mahaƙa kwal a Wales. Na ce Winston Churchill ya tura soja sun bindige ma'aikata a garin Tonypandy da ke kudancin Wales, mai duba aikina ya ja min jan layi a kai. Saura mako biyu in miƙa, hankalina a tashe yake. Ina kuskuren?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙanena, amma malaminka na da gaskiya. Ba a harbi kowa a Tonypandy ba. Wallahi na gaji da wannan ji-ta-ji-ta da masu bidiyon intanet ke juyawa kullum, ba wanda ya buɗe takarda ko ɗaya. Illarta babba ce, domin tana wanke waɗanda suka riƙe kulki.

Rundunar da ke wurin ita ce ta 'yan sandan gundumar Glamorgan, wadda aka kafa a 1841. Shugabanta, Kyaftin Lionel Lindsay, ya gaji kujerar daga mahaifinsa a 1891, ya riƙe ta har 1937. Shi ya jibge mutanensa a mahaƙar Llwynypia da ke dab da Tonypandy ranar 7 ga Nuwamba 1910 don gadin dukiyar masu kwal, shi ne kuma ya roƙi a kawo soja. Churchill, ministan cikin gida na Birtaniya a lokacin, da farko tsayar da sojan ya yi a hanya, ya aiko da 'yan sandan Landan. Daga baya sojan sun iso ƙarƙashin Janar Macready, wannan kam ba a musu, amma ba su yi harbi ba. Mahaƙi ɗaya ya rasu, Samuel Rhys, kuma raunin duka a ka ne ajalinsa.

To ina aka samo zancen bindiga? Daga Llanelli, a Agustan 1911, inda soja suka harbe mutum 2 a yajin ma'aikatan jirgin ƙasa. Wata gunduma ce daban, Carmarthenshire, wata shekara daban. Aka haɗa biyun aka dama. Jinin mutane ne fa, bai kamata a riƙa sauya masa gari ba!

Kada ka ɓata lokaci neman ofishin rundunar. A 1969 aka haɗe ta da ta Cardiff, Swansea da Merthyr Tydfil, suka zama rundunar Kudancin Wales. Takardunta suna ma'ajiyar tarihi ta Glamorgan da ke Cardiff. Tura musu imel yau, ka gyara sakin layin nan kafin ka kwanta.