Sai an iya harshen kafin a zama masanin tarihin Gabashin Asiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya zama malamin tarihin Gabashin Asiya a jami'a ba tare da ka koyi harshensu ba. Gaskiya da kamar wuya. Littattafan Turanci za su ishe ka koyar da 'yan aji ɗaya, amma bincike sai da harshe.

Dubi John Fairbank, masanin tarihin Sin na Jami'ar Harvard a Amurka. A 1932 ya tare a Beijin yana koyon Sinanci, yana tono takardun daular Qing, daular sarakuna ta ƙarshe a Sin, kan kwastan da tashoshin jiragen ruwa da aka buɗe wa Turawa bayan yarjejeniyar Nanjing ta 1842. Takardun fadar nan ba da Sinancin kasuwa aka rubuta su ba. Tsohon salo ne, ba aya ba waƙafi, wasu ma da harshen Manchu, harshen ƙabilar sarakunan daular. Wasiƙar gwamna guda zuwa ga sarki sai ta cinye maka yini cur. Abokin aikinsa Edwin Reischauer, masanin tarihin Japan, ya samu sauƙi, tunda a Tokyo aka haife shi.

In ni ne kai, zan zaɓi ƙasa ɗaya, Sin ko Japan ko Koriya, in fara harshen tun kafin digiri na biyu. Gwamnatin Japan tana ba da tallafin karatu na MEXT, wato ma'aikatar iliminta. Ana iya nema ta ofishin jakadancinsu.