Tambaya da Amsa: Shin Hoton Adana Tarihi Zai Riƙe Mai Shi a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ɗaukar hoton biki da suna, amma hankalina ya fi karkata ga hotunan da ke adana rayuwar jama'a da kuma waɗanda ake baje kolinsu saboda fasahar da ke cikinsu. Shin wannan fanni zai iya riƙe mutum? Daga wani matashi a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Zai iya riƙe ka, amma ba da wuri ba, saboda haka kada ka saki hoton biki tukuna, domin shi ne zai saya maka kayan aiki. Kada kuma ka raina shi. Malick Sidibé na Mali da hotunan shagulgulan samari a Bamako ya yi suna, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a baje kolin fasaha na birnin Venice da ke Italiya a 2007.

Abin da ke ɗaga mai wannan sana'a shi ne ya kama batu guda ya daɗe a kansa. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya ci gaba shekaru da dama har ya tara hotuna kusan 1,000, alhali yana aikin da ke kawo masa kuɗin cefane. A Kano kowa yakan ruga Hawan Daushe da kyamara, kuma hotunan sukan fito kamar na mutum ɗaya, amma kaɗan ne ke da haƙurin zama da marina a Ƙofar Mata, ko majema, ko dukawa a Kasuwar Kurmi, har su saba da shi su daina gyara tsayuwa idan ya ɗaga kyamara. A ganina nan ne aikin yake.

Kuɗin yakan shigo ta aikin jaridu da ƙungiyoyin agaji, da tallafin cibiyoyin fasaha, da sayar da hoto da aka ƙayyade yawan bugunsa. Ka riƙa aika aikinka ga bukukuwan baje kolin hotuna irin su LagosPhoto na Legas, wanda aka fara a 2010.

Ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa, musamman matan aure da almajirai, ka rubuta wuri da rana a bayan kowane hoto, sannan kada ka sa hannu a yarjejeniyar da za ta raba ka da haƙƙin mallakar aikinka.