Tambaya da Amsa: Ƙaramar motata ta ishe ni, in canza ta ko in haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya iyali ya hidima da jama'a, Allah ya saka da alheri. Dan Allah shawara nake nema akan motata don wallahi ta kai ni bango. Ni 'yar kasuwa ce ina saida atamfa da leshi a kasuwar Kejetia ta Kumasi, gidanmu a Aboabo. Motar irin ƙananan nan ce 'yan Japan masu inji 1.0, otomatik, hom yus na saye ta, wato gwanjon da aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita. Da farko ba ruwanta, mai kaɗan take sha kuma duk ɗan lungun da na samu sai in cusa ta, to amma yanzu in na tsaya a cunkoso sai ta dinga karkarwa har sitiyari har madubi, in na kunna esi, na'urar sanyaya mota, ga hawa kuma sai ta yi ta gurnani ba ta tafiya, trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ma wuce ni yake, duk tudun rage gudun da na hau in dai akwai mutane a baya sai ƙasanta ya gurza. Sitiyarin ma yana ja gefe ɗaya, in na karya kwana ina jin wata ƙara ƙwas ƙwas. Yarana huɗu ga Mma tana wajena, ga kaya ina ɗaukowa. Da sallah mun je Tamale da ita, mun isa dai amma kowa ya ji a jikinsa. Yayana ya kai ni wani garejin saida motoci sun ce za su karɓi tawa in yi ciko su ba ni Corolla 1.8 'yar Amurka, amma cikon ya kusa kuɗin da na sayi tawa tun farko, sai dai in taɓa jari ko in ci bashin banki. Maigida ya ce in haƙura, yayana ya ce in rabu da ita tun tana da daraja. Ni kam na rasa na yi.

Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Amsata a taƙaice ita ce kar ki yi musayar nan yanzu, musamman ma a garejin, kuma kar ki taɓa jari. Amma akwai abu ɗaya cikin wasiƙarki da ya tayar min da hankali fiye da maganar ciko, shi ne sitiyarin nan, don haka da shi zan fara.

Japan ta hagun titi suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Mu kuma nan Ghana tun 4 ga Agusta 1974 muka koma tuƙi ta dama, sitiyarinmu na hagu. To da yawa daga cikin ƙananan motocin nan da aka ƙera don kasuwar Japan sai an juya musu sitiyari kafin su shigo, galibi a Dubai ake aikin, kuma ba ƙaramin aiki ba ne fa, ana cire gaban mota gaba ɗaya, a huda ƙarfen da ya raba inji da mazauni, a mayar da birki da totur ɗaya ɓangaren, a ƙara wa wayoyi da bututun man birki tsawo. Wani mai aikin yana yi tsaf ki yi shekaru ba ki ji komai ba, wani kuma walda ce kawai da ɗaure-ɗaure. Ki duba da kanki, in sandar sigina tana hannun dama ta waifa tana hagu, ko abin buɗe bonet yana can gefen fasinja, to alama ce an juya ta. Wannan jan gefe da ƙarar da kike ji yana iya zama abu mai sauƙi, taya ce ta ci gefe, ko tayrod ko boljoyin na ƙafar mota sun saki, ko alaimen, wato saitin tayoyi, kawai take so, waɗannan duk gyaran yini ɗaya ne. Amma yana iya zama wajen da aka ɗaure sitiyarin ne ya fara saki, wannan kuma maganar rai ce. Ki kai ta Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, wajen masta mai aikin ƙafar mota, ba yaron shago ba, a ɗaga ta sama ki tsaya a nuna miki da idonki. Kafin a duba dan Allah kar ki sake hawa babban titi da yara a ciki. In aka ce waldar ce ta tsage ko an yi aikin banza tun asali, to a nan na goyi bayan yayanki, a gyara a rabu da ita, kuma a gaya wa mai saye gaskiyar abin da aka gani, kar a ɓoye masa.

In sitiyari ya fita lafiya, sauran koke-kokenki kashi biyu ne, akwai ciwo akwai hali, kuma mutane da yawa suna haɗa su su saida mota mai lafiya a banza.

Karkarwar nan yawanci ciwo ne mai magani. Irin injin nan na 1.0 silinda 3 gare shi ba 4 ba, dama can yana da 'yar rawa in yana tsaye, robobin da injin ke zaune a kai su ke shanye ta, injin sit kenan a bakin bakanikai, in suka mutu sai rawar ta shigo har kujera. A duba su, a duba filogi da koyil, a wanke wajen shigar iska. Gurzar ƙasa kuma ki sa a gwada shok ɗin baya da sifirin, motar da ta sha ramukan Aboabo da Asawase da kaya a bayanta dole su kwanta. Tayoyi ma ki karanta gefensu akwai lamba 4 a jere, misali 2319 na nufin sati na 23 a shekarar 2019, da yawan tayoyin gwanjo da ake sa mana sun tsufa tun kafin su iso tashar jirgin ruwa ta Tema.

Sai giya, a nan nake so ki natsu sosai. Yawancin ƙananan 'yan Japan ɗin nan otomatik ɗinsu CVT ne, ba ya canza giya ɗaya biyu uku kaman wanda aka saba, wani bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fule biyu, shi ya sa in kin taka sai inji ya ɗaga murya ya tsaya a sama kafin gudu ya biyo baya, wannan gurnanin halinsa ne. Amma man giyarsa daban ne, kuma abin da ke kashe su a garin nan shi ne a zuba musu jan man otomatik na gama-gari don ya fi araha ko don shi ke kusa. Ki tambayi mai yi miki sabis wane mai ya taɓa zubawa, in ya fara kame-kame ki canza wuri, a juye a sa wanda aka rubuta a littafin motar ko a jikin sandar awo, ki sayi galan ɗin da kanki a rufe. In tana fizga lokacin tashi, ko inji na ihu mota ba ta motsi sam, to giyar ta fara zamewa, a nan lissafi zai canza don giyabos ba arha ba.

Halin kuma ba bakaniken da zai canza shi. Injin 1.0 ƙarfin doki wajen 70 gare shi, Corolla 1.8 tana da wajen 130, esi kuma daga jikin injin yake cin nasa rabon, don haka ki kashe shi in za ki hau tudu ki kunna in kin sauka, ba lalacewa ba ce. Kujerunta biyar ne har da direba. Ke da maigida da Mma da yara huɗu mutum bakwai kenan, ga jakunkunan sallah, a hanyar da ta kusa kilomita 380 ta Techiman da Kintampo da Buipe ana gogayya da tireloli masu zuwa Burkina, Hajiya an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, kuma ni abin da ya fi damuna ba wahalar motar ba, yaran da aka ɗora a cinya ba bel. Ki kuma lura, Corollar da ake miki talla ita ma kujera biyar ce. Wato ko kin yi cikon nan matsalar Tamale tana nan, ɗan faɗi kawai za ki ƙara da ƙarfin wuce mota. Tafiyar da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara bas ta ishe ta, STC ko VIP, ko ku ɗauki shatar mota babba, kuɗin bai kama ƙafar cikon ba. Dilolin atamfa kuma ki ba aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kai miki shago, aikinsa kenan.

Yanzu maganar garejin. Ban ce su macuta ba ne, sana'arsu ce, amma ki san a musaya riba biyu suke ci, su karya farashin taki su ɗaga na tasu, ke kuma cikon kawai kike ji ba ki san nawa aka sa wa kowace ba. Ki ce su faɗa miki farashin Corollar in kuɗi hannu za ki biya, su faɗa miki nawa za su sayi taki in ba musaya, nan take za ki ga inda kuɗinki ke zurarewa. Kuma motarki ba abar da za ki roƙi a karɓa ba ce, ƙananan nan su Vitz da Picanto da i10 su ne abincin masu Bolt da Uber da Yango da masu ba da mota a yi aiki a biya, saboda rashin shan mai, in kin sa ta kasuwa da kanki ko ta hannun dillalin da kika sani kika biya shi la'adarsa za ki fi samun daraja. Yayanki yana tsoron kar ta faɗi, to a ƙasar nan farashin mota dala yake bi da kuɗin kwastan, ba shekaru kawai ba, kin ga abin da ya faru a 2022 da sidi ya tashi daga wajen 6 a dala ɗaya ya haura 14 kafin shekara ta ƙare, mutane sun saida tsofaffin motocinsu sama da yadda suka saya. Ba na ce haka za ta sake faruwa ba, sidi yana hawa yana sauka, ina dai nuna miki gaggawar da ake sa ki ba ta da tushe.

Bashin banki kuwa ban ba ki shawara ba ko kaɗan, ga ruwan da ke kai wanda kin san hukuncinsa a addini, ga shi mota ba ta haihuwa, atamfa ce ke haihuwa. Babbar mota kuma ba ranar saye kaɗai ake biyanta ba, kullum ne, a gidan mai da wajen taya da batir da inshora. Ki gwada wannan, ki cika tanki ki rubuta kilomita, in kin sake cikawa ki raba ki ga lita nawa take ci, ki tambayi mai Corolla da ke zirga-zirgar cikin gari irin taki nasa lissafin, cunkoson Kejetia da Suame randabawul ba ya raga wa babban inji.

In bayan gyara kin zauna da ita wata shida zuwa shekara har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, to ki shiga susu ko adashin 'yan kasuwa ki tara, ki saida taki kuɗi hannu, sannan ki nemi abin da ya dace da gidanki, ni a ganina mai kujera bakwai ce ba Corolla ba. Kuma duk 'yar Amurkar da za ki saya ki ɗauki lambar shasi, harafi da lamba 17 ne, ki ba wani yaro mai waya ya bincika tarihinta a intanet, da yawansu daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo su aka gyara aka fesa fenti. Wadda ta yi ɗan karo a gefe ba laifi in an gyara da kyau, wadda ruwa ya ci ki guje ta ko nawa aka rage miki, wayoyinta ba za su bar ki ki huta ba. Ki ga takardun kwastan na asali ki tabbatar lambar shasin ta yi daidai da ta jikin mota, don motar da aka shigo da ita ta bayan fage kwastan na kamawa a hannun wanda suka same ta, ba ruwansu da cewa saya kika yi.

Ranar da za ki saida taki kuma ku je DVLA, hukumar rajistar motoci, tare da mai saye a canza sunan mai mota, kar ki yarda da "Hajiya zan je in yi daga baya", muddin sunanki na kan takarda duk abin da aka yi da motar ƙofar gidanki za a fara ƙwanƙwasawa. Ki gaida Mma da maigida, in masta ya duba sitiyarin ki rubuto mana abin da ya gani.