Kwamfuta a Sauƙaƙe: In goge ɓangarorin da kamfani ya bari a had-dis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gwagwalada. Yayana ya saya mini laftof ƙirar HP ta hannu a Banex, aka ce giga 256 ce, amma yanzu ma'ajiyar C ta yi ja, ko bidiyon lacca ba na iya saukewa. Da na buɗe Disk Management sai na ga ɓangarori uku da ban san da su ba: ɗaya mega 260, ɗaya wajen mega 900, sai babba mai giga 18 da aka rubuta masa RECOVERY. Ƙawata ta ce in goge su duka in samu wuri. Ko in bi shawararta?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah kada ki goge su duka. A cikin ukun nan ɗaya ne kaɗai ake iya taɓawa, shi ma sai da shiri.

Mai mega 260 ɗin shi ake kira EFI. Da zarar kin danna maɓallin kunnawa, nan kwamfutar ke fara dubawa don ta san ta inda za ta tayar da Windows. In ya tafi, baƙin allo za ki gani da saƙon cewa ba a ga abin tashi ba. Takardunki suna nan ciki, amma ba hanyar isa gare su sai kin kai wa mai gyara. Mai mega 900 kuwa kayan gyaran Windows ne, wato shuɗin allon nan da ke fitowa idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere. Ki haɗa su biyun, da kyar suka wuce giga ɗaya, bidiyon lacca biyu sun cinye shi. Ki bar su inda suke.

Babban shi ne abin magana. Kwafi ne na Windows da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan na'ura aiki) da manhajojin HP kamar yadda na'urar ta fito daga masana'anta, ana buɗe shi da danna F11 lokacin kunnawa. Kamar safayar taya yake: tana cin wuri a but, amma ranar da aka yi faci a hanyar Lokoja ita ake nema. Sai dai a kwamfutar hannu sau da yawa safayar ta riga ta sace. Masu sayarwa kan yi wa C fomatin su ɗora sabon Windows, sai F11 ya daina aiki, giga 18 ɗin kuma ya zauna a banza. Ko yana aiki ma, tsohon Windows zai dawo miki da shi. Microsoft ta daina sabunta Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. A ganina, mai irin wannan na'ura ya fi amfana da filash ɗin gyara a jaka fiye da wannan ɓangaren.

Saboda haka ki fara kwashe takardunki da hotunanki zuwa wani wuri. Ki nemi filash mai aƙalla giga 16 wanda ba komai a cikinsa, domin za a share shi, ki rubuta Recovery Drive a wurin bincike na Windows ki bi umarnin. In ya gama, ki sake kunna kwamfutar, ki danna F9, ki tabbatar tana iya tashi daga filash ɗin. Wannan gwajin mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi komai muhimmanci. In BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa had-dis, na kunne, ki rubuta lambobi 48 na buɗe shi a takarda. Lasisin Windows kada ya dame ki, tun zamanin Windows 8 kamfanoni a jikin babban allon cikin na'ura (motherboard) suke ajiye shi. Sannan ki buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ki rubuta reagentc /info, zai nuna miki lambar ɓangaren da kayan gyaran Windows suke. In ya nuna babban ne, ki dakata, kada ki goge.

Wajen gogewar, in Disk Management ya ƙi ba ki dama, ki rubuta diskpart a Command Prompt ɗin, sai list disk, select disk 0, list partition, ki zaɓi lambar da select partition, sannan delete partition override. Ba ya tambayar ko kin tabbata, nan take yake aikatawa. Ki duba girman da kyau kafin ki zaɓi lamba, batir kuma ya kasance a cike saboda ɗauke wuta. In hannunki na rawa, ki sa wanda ya saba ya zauna kusa da ke.

Wani abin da zai iya ba ki haushi: Extend Volume, wato zaɓin faɗaɗa C a Disk Management, ba ya aiki sai in filin da ya buɗe yana manne da C ta dama. In mai mega 900 ya shiga tsakaninsu, kada ki ce za ki kawar da shi. Ki mayar da filin sabuwar ma'ajiya ki riƙa zuba bidiyon lacca a ciki.

Ba a kuma cuci yayanki ba in kin ga lissafin bai kai 256 ba. Kamfanoni da dubu suke ƙirga, Windows da 1,024, shi ya sa giga 256 ke fitowa kusan 238. Kafin ma ki taɓa wani ɓangare, ki buɗe Disk Cleanup ki danna share fayilolin tsarin. In akwai jakar Windows.old, wato ragowar tsohon Windows, ita kaɗai tana iya fin giga 18 ɗin da kike nema. Ki leƙa Downloads da kwandon shara su ma. In bayan wannan C ɗin bai daina ja ba, ki roƙi Yaya ya ƙara miki da had-dis na waje, ko a sauya na cikin da mai giga 512.