Tambaya da Amsa: Dole ne sai na je masallacin unguwa?

Tambaya: Baba, ni ɗan Tawa ne, ina kabu-kabu a Yamai, ina haya a Bukoki. Salla ba ta wuce ni, amma a ɗakina nake yi. Masallacin unguwarmu ba a rasa gardamar Izala da Ɗarika da gulmar mutane. Tunda salla tsakanin bawa ce da Ubangijinsa, me zan rasa in na ci gaba da yi ni kaɗai?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe salla. Batun lada malamai sun gama shi: hadisi ya ce sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27. Ni abin da ke damuna daban ne. Kai baƙo ne a Bukoki, kuma kullum kana bisa babur tsakanin motocin Katako. In ka kwana biyu kwance da masassara, ƙofa a rufe, wa zai lura?

A masallacin unguwarmu kowa ya san wurin tsayuwar kowa. Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo da ke tsayawa jikin bango ta dama. Ran da aka yi Asuba da Azahar babu shi, kafin La'asar an tura yaro ya ƙwanƙwasa. Hawan jini ne ya kayar da shi. Bayan Magariba liman ya faɗa, aka shimfiɗa ɗan kwali a bakin ƙofa, wannan ya aje dala ashirin, wancan jikka guda, aka sayi maganin da likita ya rubuta. Babu wanda ya tambayi ko shi ɗan wace ƙungiya ne.

Ka san mutanenmu na Adar da biɗa. Wanda ya sauka Abijan ko Agadas bai san kowa ba, masallaci yake fara nema, don nan zai ji Hausa, a nuna masa mai masauki. Haka in ka tashi neman aure a garin nan, iyayen yarinya ba za su je Tawa bincike ba, liman da dattawan sahun gaba za su tambaya. In suka ce ba su san ka ba, magana ta yi nauyi. Rigimar kuɗin haya ma sau da yawa a tabarmar liman take mutuwa, ba ta kai kwamisariya.

Ka dubi Layya a Yamai. Maƙwabta kan haɗa itace su hura wuta ɗaya a titi, a jera raguna a gicciye bisa sanduna, su wuni suna gasuwa, washegari yara su yi ta yawo da kwanonin rabo. Gwauro irinka da aka sani, nama har ya gundure shi.

Gulma kam akwai ta, ba zan kāre masu yi ba, wasu dattawan ma sun fi samari. Gardamar ƙabalu da sadalu kuwa ta girme ka, ba kai za ka raba ta ba. Ka bar musu.

Aikinka ba zai bar ka ka samu biyar ɗin a unguwa ba, na sani. Fara da Asuba da Isha'i. In an sallame kada ka zabura ka hau babur, tsaya ka gaisa da na damanka da na hagunka, ka faɗa musu gidan da kake haya.