Filin Tambaya da Amsa: Ruwa ya cinye gona, wa zai biya?

Daga wani manomin shinkafa a Auyo, Jihar Jigawa: Ruwa ya kwanta a kan shinkafata hekta biyu har kwana tara, duk ta ruɓe. Wasu jami'ai sun zo ƙofar dagaci sun rubuta sunayenmu, tun daga nan shiru. Shin gwamnati ba ta biyan diyyar ambaliya ne?

Allah ya mayar da alheri, Malam. Abu biyu ne jama'a ke cakuɗawa: agaji daban, diyya daban. Rubuta sunan da aka yi muku ƙididdiga ce ta neman agaji, wanda ke bi ta hannun NEMA ta tarayya da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Agaji ba bashi ba ne da kake bin gwamnati, kuma ba a auna shi da girman asararka. Galibi ma ba kuɗi ake bayarwa ba, kaya ne: iri, taki, maganin feshi, wani lokaci injin ban-ruwa da ɗan abinci. Mai hekta goma da mai rabin hekta suna iya tashi da buhu iri ɗaya. Jinkiri kuwa ba sabon abu ba ne, domin da yawa daga waɗanda ambaliyar 2022 ta shafa sai a 2023 tallafin ya iso gare su. Diyya ta gaske, wadda ake lissafawa da abin da ka kashe, tana wurin wanda ya yi wa gonarsa inshora tun kafin ruwa ya zo. Idan ka ci bashin banki ko na wani shirin noma a bana, je ka duba takardunka, don sau da yawa an cire kuɗin inshorar daga cikin bashin ba tare da an yi wa manomi bayani ba.

Daga shugabar wata ƙungiyar mata manoma a Argungu, Jihar Kebbi: Ina tallafin gwamnati yake a cikin inshorar nan, tunda mu ne za mu biya?

Hajiya, tallafin yana cikin kuɗin da ake biya don shiga inshorar ne. An ƙaddamar da shirin inshorar noma na Najeriya a 1987, kuma dokar 1993 ce ta kafa hukumar inshorar noma ta ƙasa, wato NAIC, a tsarinta na yanzu. A kan kayan abinci irin su shinkafa, masara, dawa, gero, rogo da doya, manomi rabi yake biya. Ɗaya rabin kuwa gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 37.5 cikin 100, jihar da gonar take ta ɗauki 12.5. A ce an yanka wa gonarki naira 20,000: ke za ki ba da 10,000, tarayya 7,500, jiha 2,500. Abin da inshorar ke ɗauka ya haɗa da ambaliya, fari, guguwa, gobara, ƙwari da cututtuka. Amma ki lura, abin da aka saba ɗaukar nauyinsa shi ne kuɗin da aka zuba a gona, wato huɗa, iri, taki, feshi da ƙwadago. Buhunan da kike sa ran girbewa ba sa cikin lissafi. Shi ya sa gonar da ruwa ya cinye tana ɗan tsiro ba ta samun abin da wadda ta fid da kai ke samu. Shiga a ƙungiyance ya fi sauƙi, muddin kowace mamba an rubuta sunanta, girman gonarta da inda take.

Daga wani manomin masara a Saminaka, Jihar Kaduna: Ina da inshora, ƙanƙara da iska sun kwantar min da masara tana goyo. Me zan fara yi?

Kai rahoto a ranar, kada ka bari a kwana biyu. Takardar yarjejeniyarka ta faɗi wa'adin sanarwa, kuma a nan ne mafi yawan masu neman diyya ke faɗuwa. Ka sanar da ofishin inshorar a rubuce, da bankin idan bashi ne, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Kiran waya kaɗai ba shaida ba ne.

Sannan ka ɗauki hotuna da bidiyo daga kusurwa huɗu na gonar, a ga wata alama da ba ta gusawa, kamar bishiya ko rijiya, ka kuma matsa kusa a ga karan da ya karye da ganyen da ƙanƙara ta yayyage. Ka kira malamin gona ya gani da idonsa. Babban kuskure shi ne mutum ya yi zuciya ya sare karan ya ba dabbobi, ko ya sake kaftu ya shuka wake, kafin jami'in tantancewa ya iso. Ya zo ya tarar da fili fes, me zai rubuta? Ka tanadi rasit na taki da iri da magani. Idan an tarar ciyawa ta riga ta cinye gonar, ko ka yi shuka bayan lokaci ya wuce, ko ka ce hekta uku aka auna aka ga ɗaya da rabi, za a rage kuɗin ko a hana gaba ɗaya. Ɓarnar shanu da sata kuma ba sa cikin bala'in yanayi, sai in an rubuta su ƙarara a takardarka.

Daga wani matashi a Gashuwa, Jihar Yobe: Maƙwabcina ya sami kuɗin fari alhali gonarsa ta yi kyau, wani a garin gaba da gonarsa ta ƙone bai samu ba. Ba son kai ke nan ba?

Ba lalle ba ne. Akwai inshorar da ba ta duba gonar mutum ɗaya, yanki take aunawa: ko yawan ruwan saman da ya sauka, ko matsakaicin amfanin da gonakin yankin suka bayar bayan an yanki samfuri an auna. In ma'aunin ya faɗi ƙasa da iyakar da aka gindaya, kowa a yankin ya samu, in bai faɗi ba, babu wanda zai samu ko da tasa ta ƙone ƙurmus. Tana da sauri da araha, aibinta ke nan da ka gani. Kafin ka sa hannu ka tambayi wace iri ce, da wane yanki aka haɗa gonarka. Ga masu fadama da ruwa ke shanyewa duk shekara kuma, irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017 suna jure nutsewa har kusan mako biyu, inda iri na yau da kullum ke mutuwa cikin mako guda.